Farantin da Aka Toshe wa Kunne

"Mama, wai Baba ne ya ce wa Kawu ya hau, shi ya sa ya faɗo?"

Ina tsaka da taje wa 'yata kai ta yi mini wannan tambayar. A tsakar gidan Inna muke, mahaifiyata, ita kuma tana gefe tana ninke wanki. Matajin ya tsaya mini a hannu.

"Wa ya gaya miki haka, Yayyafi?"

"'Yan ajinmu. Kuma ran nan na ji Kaka tana gaya wa maƙwabciyarta."

"Rufe mini baki."

"Ki bar ta," in ji Inna, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ai ba ƙarya ta yi ba."

Kawun da ake magana ƙanina ne, autan gidanmu, Auta kowa yake ce masa. Sana'arsa haɗa wa mutane intanet. Yakan kafa wani ɗan farin faranti a kan rufin gida, ya saita shi ya kalli wani farantin da ke kan dogon turken ƙarfe, saƙo ya riƙa kai da komo tsakaninsu ta iska. Rabin rayuwarsa a sama ya yi ta, da bel a ƙugu da sukurdireba a baki. Mijina kuwa ma'aikacin ofishin hasashen yanayi ne, shi ya sa ma ya laƙaba wa 'yarsa Yayyafi. Aikinsa zama gaban allon na'urar da suke kira rada. Ita na'urar tana kan hasumiya, tana juyawa a hankali tana aika sauti irin wanda kunne ba ya ji, in ya bugi hadari ya dawo mata, sai hadarin ya fito a allo da launinsa.

Su biyun ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Auta yana ce wa mijina Boka, shi kuma yana ce masa Biri. Amma Auta ba ya taɓa sa ƙafa a kan turke bai kira shi ba.

"Boka, a buga mana ƙasa. Sama lafiya?"

"Lafiya lau, Biri. Hau ka tsinko mana 'ya'yan itace."

In kuwa da hadari sai ya ce masa, "Zauna a ƙasa yau, ka yi rayuwa irin ta mutane."

Abu ɗaya ne yake sa wasansu ya yi tsami. Ashe farantan Auta da radar mijina a zango ɗaya suke magana, kamar mutum biyu a ɗaki ɗaya. Don haka masu ƙera farantin suka yi masa kunne. Da zarar ya ji muryar rada sai ya yi shiru, ya matsa wani zangon, ya saurara tukuna, sannan ya ci gaba. A wannan ɗan tsakanin intanet yakan ɗauke. Masu gida kuma ba ruwansu da wata rada, su dai sun san hoto ya daskare suna tsakiyar magana, sai su kira mai haɗawa su wanke shi tas. Saboda haka masu sana'ar suka koyi shiga cikin na'urar da kwamfuta su kashe wannan sauraren. Toshe kunne suke ce wa abin. Kowa a cikinsu yana yi, kamar yadda tela yake rage zare.

"Kurame kake raba wa gari," mijina yakan ce masa a kan abinci. "Suna mini ihu a allo."

"To kai ma ka rage murya mana, Boka. Kai kaɗai ke da sama?"

Ni dariya nake yi musu, in ƙara wa kowa miya.

Ranar da abin ya faru, Auta zai hau wani turke da ke bayan tudu, inda daga gindinsa ba a ganin gabas. Ya kira kamar kullum. Mijina ya duba allo ya ce masa sama fes take. Sai da ya kai can ƙoli, da faranti ɗaure a bayansa, sannan ya ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Abokin aikinsa, wani dattijo da ke riƙe masa igiya a ƙasa, ya ce ya ga ya juyo ya fara saukowa. Iskar da ke gaban hadari ta riga ruwan isowa. Ta same shi daidai ya cire ƙugiyar bel ɗinsa daga wani ƙarfe zai maƙala a na ƙasa, ta shiga cikin farantin nan ta ɗauke shi.

Tun daga ranar Inna ba ta ƙara amsa gaisuwar mijina ba. In ya durƙusa a bakin ƙofarta sai ta juya fuska bango. Bai taɓa kare kansa ba, kuma bai daina zuwa ba.

Na ɗauka zan iya jure wannan har lokaci ya yi masa magani. Amma da muka koma gida ranar da Yayyafi ta yi tambayar nan, na buɗe jakar makarantarta zan cire kwanon abinci, sai ga wayar babanta a ƙasan littattafai. Tun safe yake neman wayar, har ya tafi aiki babu ita.

"Me wayar Baba take yi a nan?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta. "Don kar wani ya kira shi ya ce masa ya hau."

Sai a lokacin na haɗa abubuwan da nake gani ban kula ba. Ta daina rugawa ta tarye shi in ya dawo. In ya miƙa mata hannu za su tsallaka titi, sai ta zagayo ta kama nawa. Yarinyar da a kan wuyansa ta koyi sunayen gajimare.

Washegari na kai ta makaranta, na wuce ofishinsu da wayar a jaka. Ɗakin nasu ƙarami ne, sanyin na'ura ya yi masa yawa, tagar ma an rufe ta da labule don hasken rana kada ya dame su. Kujeru biyu, butar shayi a kan kabad, rigar sanyinsa rataye a jikin ƙusa. Shi kaɗai na tarar. Na ajiye masa wayar a gabansa, na gaya masa inda na same ta da abin da 'yarsa ta ce.

Ya bar wayar a inda na ajiye ta.

"Baban Yayyafi, ban taɓa tambayarka ba, yau ina tambaya. Me ka gani a ranar?"

Ya jawo mini ɗaya kujerar. A allon akwai da'ira babba, garin a tsakiya, 'yan gajimare kore-kore can kudu. Ya danna wani abu. Nan take wani dogon zane ja ya fito daga tsakiyar da'irar ya miƙe gabas har ƙarshenta, siriri a gindi, yana faɗi yana tafiya, kamar an yanka kankana an cire yanki guda.

"Wannan ba hadari ba ne," ya ce. "Ihun farantan da aka toshe wa kunne ne. Kullum yana nan, rani da damina. Da ya ishe mu, muna ta tayar da hankalin mutane a kan ruwan da babu shi, sai muka sa kwamfuta ta riƙa goge shi."

Ya sake dannawa. Zanen ya ɓace, wurin ya koma baƙi sumul, irin baƙin sauran sararin da babu komai.

"Kin gani? In ta goge, ba ihun kaɗai take gogewa ba, har da duk abin da ke bayansa. Kuma launin wurin da aka goge da launin sama mai lafiya duk ɗaya ne. Da farko muna sane. Kowa ya zauna a kujerar nan ya san gabas ba ya ganinta. A hankali ido ya saba. Ranar da Auta ya kira ni na duba na ga baƙi ko'ina, na ce masa fes. Hadarin ta cikin yankin nan ya biyo, tiryan-tiryan, kamar an nuna masa hanya. Da hadarin ya faɗaɗa ya leƙo ta gefe na kira Auta, wayar tana ta ƙara a aljihunsa."

Ya ce yanzu sun sa wurin yana fitowa da ruwan toka, don kowa ya tuna makaho ne a nan. Sun kai ƙara hukuma, ana bin farantan ɗaya bayan ɗaya, amma kafin a buɗe kunnen guda an toshe wasu.

"Farantan nan na waye?"

"Na mutane da yawa."

"Na ce na waye ya kafa su."

Ya juya kan allon. Ya ɗora taswirar gari a kan da'irar, ya dawo da jan zanen. Na bi shi da ido. Ya ratsa kasuwa, ya haye gadar jirgin ƙasa, ya bi ta kan unguwar da aka haife ni. Unguwar da babu rufin da Auta bai taka ba.

Sai na tuna. Inna ba ta da abin da take so kamar ta kira mu da yamma ta ga jikarta a waya. Wata rana Yayyafi tana rera mata waƙar makaranta hoton ya daskare, bakinta a buɗe. Inna ta yi ta mita. "Kai Auta, kana gyara wa duniya, na uwarka ya gagare ka? Ƙawata tana mini waƙa abin nan ya yanke mata numfashi." Ya yi dariya ya ɗauki kwamfutarsa ya zauna a bakin ƙofa. Kafin shayinsa ya huce ya ce, "An gama, Hajjaju. Daga yau ko aradu ba ta katse ku."

"Har da na Inna?" na tambaya.

"Ba zan rantse miki cewa nata ne ya rufe ni ba. Suna da yawa. Amma yana cikin layin, fuskarsa tana kallon nan, kuma shi da bakinsa ya gaya mini ya toshe." Ya juyo ya kama hannuna, abin da ba ya yi a waje. "Ki rufa mini asiri kada ki gaya mata. Yanzu tana da wanda take jin haushi, shi yake tashinta da safe. In kika karɓe mata ni, wa za ki ba ta? Ɗanta da ke kabari, ko ita kanta?"

"Ita Yayyafi fa? Wa zan ba ta?"

"Za ta girma ta gane."

"Za ta girma tana ɓoye maka waya."

Na fito daga sanyin ɗakin nan na shiga rana, na hau mota. Kwanaki ina juya maganar. Ina wanke-wanke ina auna ta, ina guga ina auna ta. Uwa ɗaya gare ni, 'ya ma ɗaya. Inna ta yi rayuwarta da ubanta har ta tsufa tana yi masa addu'a. Ita kuwa wannan ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba, an riga an fara cire mata nata uban daga zuciya. A ƙarshe na tsayar da shawara. A gaban Inna aka yi tambayar, a gaban Inna zan amsa ta. Zan faɗi abin da ya faru, in bar farantin gidan Inna a waje.

Ranar hutun makaranta muka je da hantsi. Inna tana zaune a kan tabarma a inuwar bango, takalman aikin Auta suna nan a bakin ƙofar ɗakinsa inda ya saba cire su, kullum sai ta kakkaɓe musu ƙura. Na zaunar da Yayyafi a gabana.

"Ran nan kin tambaye ni na ce ki rufe baki. Ban kyauta ba. Yau zan gaya miki."

Na ɗauko faifai na kife a ƙasa, na ce wannan sama ce. Na ce Baba yana da ido a tsakiya mai juyawa yana duba hadari. Na ɗauko murfin kofi na ce wannan farantin intanet ne, an yi shi da ladabi, in idon Baba ya juyo wajensa sai ya yi shiru ya bar shi ya duba. Na ce mutane ba sa son shirun nan, sai aka riƙa toshe wa farantan kunne, suka yi ta surutu a fuskar idon Baba har ya daina ganin gefe guda. Na ɗora tafin hannuna a kan gefen faifan.

"Hadarin ta ƙarƙashin hannuna ya zo. Baba ya duba bai gan shi ba. Ya manta cewa akwai hannu a wurin, wannan kuskurensa ne, kuma kullum yana kuka da shi a ransa. Amma bai ga hadari ya ce wa Kawu ya hau ba. Da ya gani, da ko zai ɗaure shi da igiya ba zai bar shi ba."

Yayyafi ta ɗaga hannuna ta leƙa ƙarƙashinsa. "To wa ya toshe musu kunnen?"

"Masu haɗawa. Dukkansu haka suke yi."

"Har Kawu?"

"Har Kawu. Bai san abin da zai jawo ba. Shi dai yana so mutane su ji daɗi."

Ban kalli Inna ba duk tsawon maganar. Sai na ji muryarta, a hankali, ba irin wadda ta saba yi mini ba tun rasuwar.

"Wannan shirun da kike faɗa. Shi ne lokacin da hoto yake tsayawa?"

"Shi ne, Inna."

Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakinta. Farantin yana nan a kan sandarsa, fari tas, da igiyar da Auta ya naɗe da kyau ya bi da ita ta jikin bango.

"Ni nawa hoton ya daina tsayawa," ta ce.

"Inna, suna da yawa. Unguwar nan kaf, har kasuwa. Shi kansa Baban Yayyafi ya ce ba wanda zai iya cewa ga wanda..."

"Ban tambaye ki na kasuwa ba. Nawa yana ciki ko ba ya ciki?"

Na yi niyyar in bar shi a waje. Ban yi niyyar in yi mata ƙarya tana kallon idona ba.

"Yana ciki."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta sa hannu ta gyara ɗankwalinta da bai kwance ba. "Ni na ce masa ya gyara," ta ce. "Har da gori na yi masa." Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗakin Auta ta turo ƙofa. Yayyafi ta bi ta tana "Kaka, ƙawata, buɗe," ba ta buɗe ba.

Na gaya wa mijina abin da na yi. "Kin sauke mini kaya kin ɗora wa tsohuwa," ya ce. Muka yi kwanaki maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nemi in ba shi ba.

Inna ce ta aika aka kira dattijon nan mai riƙe igiya. Ya zo da tsohuwar kwamfutar Auta, ya zauna a bakin ƙofar da Auta ya zauna, ya buɗe wa farantin kunne. Ta ce masa ya bi maƙwabta ma, duk wanda ya yi gardama a turo mata shi. Wasu sun yarda, wasu sun ce su ba za su biya kuɗin intanet yana yanke musu ba.

Da mijina ya je gaishe ta bayan nan, ya durƙusa inda ya saba, ba ta juya bango ba. Ta dube shi ta ce, "Ka rame. Ba ta ba ka abinci ne?" Iyakar abin da ta ce ke nan. Ya fito ya tsaya a soro ya rufe fuska da hularsa.

Yayyafi ta koma tarye shi a ƙofa. Ran nan ma na ji tana tambayarsa ko gabas ta warke, ya ce mata da saura. Wannan na samu, kuma shi na je nema. Abin da na biya kuwa ina ganinsa kullum da yamma. Inna ta daina mita, ta daina faɗa, ko gishiri ya yi yawa a miya ba ta magana. Ta zama ƙarama a cikin zanenta. Har yanzu tana kiranmu ta ga jikarta, kuma yanzu hoton yakan daskare jefi-jefi. Yayyafi takan riƙe wayar ta ce, "Ana duba sama, mu jira." Mu jira ɗin. Ban san abin da Inna take yi a cikin wannan ɗan shirun ba, ita kaɗai a ɗakinta. Na dai san in hoton ya dawo, sau da yawa tana goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin maƙwabta ne.

Kai da kake karanta wannan, wataƙila akwai irin farantin nan a kan rufinka. Wata rana zai ɗauke kana tsakiyar magana, ranka ya ɓaci, ka kira mai haɗawa. Zai ce maka akwai ɗan abin da zai taɓa, ba za ka ƙara ganin yankewa ba. Yaron kirki ne, so yake ya faranta maka. Kada ka yarda. Ka tambaye shi ko kunnen zai toshe, in ya ce e, ka ce ya bar maka shi a buɗe. In kuma an riga an toshe, ka sa a buɗe tun kafin damina. A lokacin da kake jiran hotonka ya dawo, akwai wani a kan ƙarfe da ƙugiya a hannu, an ce masa sama lafiya.